Takunkumin Nijar: A Ware Abinci, Magani Da Lantarki

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar ranar 30 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. An ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024, aka ce don jin ƙai, Shugaba Tinubu kuma ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris. Alhamdulillahi. To amma jin ƙan da aka tuna bayan kusan wata bakwai, me ya hana a tuna shi tun ranar farko?

Ni albasa nake saye da sayarwa tsakanin Illela da Ƙonni. Na ga manyan motoci jere a bakin iyaka, albasa ta ruɓe a buhu, baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin bodi, direba ya toshe hanci da rawani yana gadin kayan da ya san sun riga sun tashi aiki. Masu dako da 'yan acaɓa suka koma zaman kashe wando. A can kuma Najeriya ta yanke lantarki, alhali kusan kashi 70 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Asibiti da mai sayar da ƙanƙara suka ɗanɗana kuɗarsu. Janar Tchiani, shugaban gwamnatin sojan, bai sauka ba, Bazoum bai koma kujerarsa ba, ƙarshe ma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar.

Ba na goyon bayan juyin mulki ko kaɗan. Sai dai ɗana mai karatun lauya ya nuna mini cewa yarjejeniyar dokokin teku ta 1982 ta ba ƙasar da ba ta da gaɓar teku haƙƙin wucewa da kayanta zuwa tashar jirgin ruwa. Da Nijar ta kai ƙara kotun ECOWAS a Abuja, a Disamban 2023 kotu ta ƙi buƙatarta, don ba ta amince da gwamnatin soja ba. To talakan Maraɗi, wa zai shigar masa da ƙara?

Roƙona ga sanatocinmu na Sakkwato, Kebbi, Katsina da Jigawa su matsa a rubuta shi ƙarara cikin dokokin ECOWAS: duk takunkumin da za a sa nan gaba, kada ya taɓa abinci, magani da lantarki, kuma a yanka masa wa'adin sake dubawa.

Naku,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Illela, Jihar Sakkwato.