Yaron da cikinsa ke ciwo ran Litinin: muna neman shawara kafin a koma makaranta

Assalamu alaikum Hajiya. Muna gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara lafiya da basira. Mu wasu malamai ne da ke koyarwa a makarantun firamare da JHS (ƙaramar sakandare) na unguwannin Zango a nan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sawaba. Dogon hutu ya zo ƙarshe, a watan Satumba za a koma aji, kuma akwai matsalar tsoron komawa makaranta da ke dawowa wa yara duk shekara wadda muke so ki sa mana baki a shirinki, tunda iyaye suna jin maganarki.

Wajen sayayya iyaye ba sa gazawa. Uwa za ta kutsa kasuwar Kejetia ta yanko yadin yunifom, ta haɗo takalmi da jaka da littattafai, ta ce shiri ya kammala. Zuciyar yaron kuwa ba wanda ya leƙa. Ranar farko sai ki gan shi a bakin ƙofar makaranta ya damƙe gefen mayafin uwarsa da hannu biyu, koko da ƙosan da aka saya masa a hanya suna cikin leda sun huce, ko buɗewa bai yi ba.

Bari mu faɗa miki abin da muke gaya wa iyaye, don ki ga inda muka tsaya. Muna farawa da barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda za a tasa ƙarfe 5 don sallar Asuba da layin banɗaki a gidan haya, ya kamata ƙarfe 8 ta same shi a kwance, wato jim kaɗan bayan Isha'i. A hutu kuwa da yawa suna kaiwa 11 a gaban talabijin ko waya. Idan aka ce a gyara wannan a dare ɗaya, yaron zai kwanta ido biyu, ya tashi da ƙunci, a ce rashin kunya yake ji. Shi ya sa muke cewa a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 kowane dare. Daga 11 zuwa 8 dare 12 ke nan, don haka sai a fara mako biyu kafin a koma, kuma a karɓe waya awa guda kafin a kwanta.

Sai kuma a taka da yaron har makarantar kafin ranar, ya ga ajinsa, ya ga inda bayi yake. Maganar bayin nan ba ƙarama ba ce. Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da gwamnati ta ɗauka don koyarwa, a nan Twi da Turanci ne a aji. Manyan yaranmu sun tsinci Twi a titi, amma ɗan KG (ajin share fagen firamare) da bai saba fita ba zai iya matsuwa ya rasa yadda zai faɗa, har ya jiƙa wandonsa a gaban 'yan aji. Dariyar da za a yi masa ranar ta isa ta sa ya tsani makaranta tsawon zango. Jimla uku kawai muke roƙon a koya masa a harshen malaminsa: ina son zuwa bayi, ina jin ƙishirwa, ban gane ba.

Idan aka tambayi yaro "kana jin tsoro?" a'a zai ce. Gara a bari sai ana tsintar wake ko wanke-wanke, a ce masa, "Wa kake ɗokin gani a ajinku? Wa kuma ba ka son haɗuwa da shi?" Ranar komawa a gajarta sallama, a faɗa masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin, kuma a cika alkawari. Uwar da ta sulale yaro bai gani ba ta huta da kukan yau, amma gobe ba zai saki mayafinta ba.

Inda muka fi damuwa shi ne yaron da duk wannan bai ishe shi ba. Alamarsa sananniya ce: ciwon ciki ko ciwon kai da sassafe, wani har da amai, da an ce ya zauna a gida kafin hantsi ya warware, Asabar da Lahadi lafiya lau, daren Lahadi abin ya dawo. Muna cewa a fara kai shi a gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro, kada a ɗora wa tsoro abin da na asibiti ne. Idan gwaji ya fito ba komai, to ciwon gaskiya ne, fargaba ce ke murɗa cikin. Kuma duk ranar da aka bar shi a gida, sauƙin da ya ji shi ke ƙara masa nauyin gobe. Rufe makarantu da aka yi daga Maris 2020 zuwa Janairun 2021 saboda korona ya nuna wa kowane malami cewa yawan daɗewa a gida shi ke sa komawa ta yi wuya. Abin da ke aiki shi ne a riƙa kawo shi kullum, ko na awa biyu ne, ana ƙarawa a hankali.

To Hajiya, a nan muke cijewa, domin a gidajenmu ba uwa kaɗai ke da yaro ba. Uba ya ga abin a matsayin taurin kai, sai ya ɗauko bulala. Yaron zai tafi, amma yanzu tsoro ya zama biyu, wani ma sai ya fita da yunifom ya ƙare a bayan kasuwa har a tashi. Kaka kuma ta ce baki ne ko iska, a bar mata jikanta a ɗaki a yi masa tofi. Ba mu da ja da addu'a, mu ma muna yi wa namu. Damuwarmu mako ukun da zai yi a ɗaki ba aji. Da wane irin lafazi malama mai shekara 30 za ta tunkari dattijo ko tsohuwa a kan wannan ba tare da an ce ta raina manya ba? Ya fi kyau a bi ta wurin limamin unguwa ko malamin makarantar allo, ko kuwa hakan tona asirin gida ne?

Akwai kuma wadda ta fi mana ciwo, don ta shafi aikinmu. Hukumar ilimi ta GES ta hana duka a makarantu tun 2017, amma sanda ba ta ɓace daga kowane aji ba. Idan yaro ya buɗe baki ya ce wani malami yake tsoro, ko wani babban ɗalibi ke ƙwace masa kuɗin abinci, tura shi aji ba tare da an gyara wannan ba zalunci ne. Iyaye kuma suna tsoron kai ƙara kada a sa wa ɗansu ido. Ta wace hanya za su bi?

Sannan muna so ki yanke mana iyaka. Kwana nawa za a yi ana lallashi kafin a ce abin ya wuce gida da makaranta, sai an ga likitan da ya san halayyar yara? Musamman 'yan JHS 3 da jarrabawar BECE ta kammala JHS ke gabansu, waɗanda ba sa kuka, sai dai su yi shiru su rage cin abinci. Kuma yaya za a faɗa wa iyaye hakan ba su ji kamar an ce ɗansu ya taɓu ba?

Muna sauraron amsarki, in da hali kafin makon komawa. Allah ya saka da alheri.

Naki,
Wasu malaman makarantun Zango, Kumasi