Wayata ta hana ni sakat, amma da ita nake neman abinci

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron damuwarmu a wannan fili.

Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, ina kuma sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp. Damuwata waya ce. Saƙonni sun yi mini yawa har kaina ya daina ɗauka.

Ga guruf ɗin dangin babanmu, ga na dangin miji, ga na malamai, na iyayen ɗalibai, na adashe, na Islamiyya, har da na 'yan ajinmu da rabona da wasunsu tun muna 'yan mata. Da asuba hotunan fure da barka da safiya. Kafin azahar an turo doguwar murya kan maganin ciwon suga, an turo bidiyon hari wanda zai tayar miki da hankali, sai can da yamma wani ya ce ai tsoho ne, ba ma a ƙasar nan aka yi ba. Shugaban makarantarmu kuma imel yake turowa, wani lokaci bayan isha'i, gari na wayewa ya tambaye ki ko kin gani. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ribar humrar ma rabinta a nan take tafiya.

Anti, yanzu ko azkar nake yi hankalina yana kan wayar. Takardun yara da nake makawa a zama ɗaya sai in kwana ban gama ba. Autata kan kama haɓata ta juyo da fuskata idan tana magana, don ta san idona yana kan allo.

Na rufe ƙarar guruf-guruf ɗin, na kuma kashe shuɗiyar alamar da ke nuna an karanta saƙo. Sai ƙanwar mijina ta ce girman kai nake ji da shi. Maigidan ya ce in sayi ƙaramar waya mai tocila in huta. Shi da sauƙi, ba a waya kasuwarsa take ba. Ni kuwa mai saye ta tambayi farashi ta ji shiru, ta wuce wurin wata.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne sanarwa. Yanzu ba mai aiko yaro gida ya faɗa miki haihuwa ko rasuwa, guruf ake sakawa. Jana'iza kuma ba ta jira. A yi rasuwa da safe, kafin ki buɗe waya da la'asar an dawo daga maƙabarta, a ce ba ki da zumunci, alhali sanarwar tana binne a ƙarƙashin hotunan fure.

To Anti, idan na fita daga guruf ɗin dangi, ya zama yanke zumunci ko kuwa? Idan ba zan fita ba, wace magana zan yi wa manya su rage turo abin da ba su tantance ba, ba tare da an ce na yi rashin kunya ba? Sannan ta yaya zan nuna wa shugabanmu cewa dare na iyalina ne, ban taɓa aikina ba? Wasu sun ce in raba layin kasuwa da na gida, amma ina tsoron kada ya zama wayoyi biyu ne za su riƙa kirana.

Don Allah a sakaya sunana. Na gode.

Daga ƙanwarki a Zariya.