Maganin ruwa a filasta: a riƙa faɗa wa mutane gaskiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ban ɗan fili in ja hankalin maginanmu. Mu nan karkarar Ringim duk bangon da ke kallon gabas shi ruwan Agusta ke duka, bara na kai hannu bangon ɗakin Inna daga ciki na ji shi sharkaf, fenti ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wallahi abin ya tsaya min a rai don tsohuwa ce mai fama da sanyi.

Bana da za a sake filasta sai na sayo hodar nan ta hana ruwa shiga, yawanci kilo 1 ake sa wa buhun siminti mai kilo 50, kuma a busasshen siminti ake fara juya ta sosai kafin ruwa ya taɓa. To amma wasu birkiloli sai su cika yashi su rage siminti wai ai akwai magani, haba! Maganin ba ya toshe tsagewa, ba ya hana damshin da ke tasowa daga fandisho, kuma dole a yi ta bai wa bangon ruwa har kwana 7.

Kakanninmu ma da makubar ɗorawa suke shafe katanga, kuma sai sun sake kafin damina.

Mai karatunku,
daga Ringim, jihar Jigawa