Wasiƙa ga Yaya daga Port Sudan

Port Sudan,
22 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, ina roƙon ka gaishe mini da Inna da kyau, ka tabbatar mata cewa ina nan ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. A gaida Kawu da Gwaggo, da uwar yara da yaran. Da fatan an yi Sallah lafiya, Allah Ya maimaita mana.

Abu biyu ne suka sa na zauna na rubuto wannan takarda maimakon in yi saƙon murya kamar yadda na saba: maganar kuɗi, da kuma wata magana da ta iso kunnena wadda ta hana ni barci. Na fi son abin ya kasance a rubuce, domin ka karanta wa wanda ya kamata ya ji, kada a ƙara gishiri a hanya.

Na tura dala 300 ta hannun ɗan canji zuwa Jidda, an kuma damƙa wa Alhajin nan da ya kawo muku saƙo bara, zai taho da su idan jirginsu ya tashi. Kai kaɗai na ce ya ba. Dala 150 na maganin Inna ne, 100 na makarantar yara, ragowar 50 a kai wa Gwaggo a kan bashin da take bi na, a ba ta haƙuri a kan sauran. Kada a canza su gaba ɗaya a rana guda, a riƙa canzawa gwargwadon buƙata. Na san sun kasa abin da na alkawarta, kuma sun makara da wata biyu.

Sai magana ta biyu. An gaya mini cewa Kawu ya faɗa a gaban mutane wai na zama mai otal a Sudan, dala nake karɓa safe da yamma, na manta da gida. Na kuma ji cewa Auta ya dogara da wannan magana yana karɓar bashi da sunana. Yaya, kallon kitse ake yi wa rogo. Ko ƙusa ɗaya ba ni da ita a ginin nan. Ni manaja ne, wato ɗan amanar da aka bar wa makullai, mai wurin kuwa yana zaune a Alƙahira da iyalinsa tun watan da aka fara yaƙi, sai dai ya kira ni da daddare ya tambayi lissafi.

Ban zargi Kawu da ƙirƙira ba, don na san inda maganar ta samo asali. Gaskiya ne cewa tun da faɗa ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF, gwamnati da wasu ofisoshin jakadanci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tattaro suka dawo wannan gari na bakin Bahar Maliya, kuma ɗakin kwana ya yi tsada ƙwarai. Ka tuna yadda na bar wancan otal ɗin namu na Khartoum cikin azumi, da jaka ɗaya, muka yi tafiyar sama da kilomita 800 a mota. Da na iso na tarar da mutane suna kwana a bakin tashar jirgin ruwa suna jiran jiragen Saudiyya su tsallaka da su Jidda. Daga lokacin zuwa farkon bana da wuya ka sami ɗaki ɗaya babu kowa a cikin ɗakunanmu 28. Wanda ya ji wannan daga nesa dole ya ce mun yi arziki.

Abin da ba a gani daga nesa shi ne kuɗin ƙasar kansa. Kafin yaƙi ana sayar da dala ɗaya a kan kusan fam 600 na Sudan, yanzu kuwa a wurin 'yan canji ta haura 2,500. Mai wurin ya ninka mini albashi sau uku, kuma na gode masa, amma dala ta ninka fiye da sau huɗu, ka ga ke nan ina ƙara aiki ina komawa baya. Wannan ciwo ya riga yaƙin ma, domin ina nan a Fabrairun 2021 lokacin da gwamnati ta mayar da farashin hukuma daga fam 55 zuwa 375 a rana ɗaya. Na daina buga takardar farashin ɗakuna, da fensir nake rubutawa a kan kanta domin in goge idan mako ya zagayo. Baƙon da ya kama ɗaki na wata guda yakan biya ni a ƙarshen wata da farashin da muka yi magana a farkonsa, alhali mai kawo man janareta da mai tankar ruwa ba sa sauke komai sai sun ga kuɗi a hannu, kuma da farashin safiyar ranar. Tsakanin waɗannan biyun ribar take narkewa. Baƙin da ke biya da dala ma'aikatan agaji ne, su ma sun ragu tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje a Janairun bana. Wata ƙungiya da ta riƙe mana ɗakuna shida sama da shekara ta mayar mini da makullan huɗu a mako ɗaya.

Otal kuwa, idan ka cire ado, ruwa ne da wuta. Mutum zai yafe maka tsohon labule da tsagaggen tawul, amma ba zai yafe maka famfon da ba ya zuba ba, ko na'urar sanyaya ɗaki da ta tsaya a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a wannan lokaci. A Agustan bara madatsar ruwa ta Arba'at, wadda garin nan ya dogara da ita, ta fashe bayan ruwan sama mai yawa, ta tafi da ƙauyuka da rayuka. Tun daga nan ruwan tanka muke saye, kuma na koyi tashi kafin asuba in tsaya a bakin titi ina tare direba kafin wani manajan ya riga ni da ƙarin kuɗi. Zanin gado da muke canzawa kullum ya koma sau biyu a mako, ni ne kuma mai zuwa ɗaki ɗaki ina ba da haƙuri. A Disamba aka zo da canjin takardun fam 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, na wuni a layin banki da buhun tsofaffin kuɗi tsakanin ƙafafuna, ma'aikata 14 suna jirana da albashi. Yawancin ciniki yanzu ta manhajar Bankak ake yi a waya, to amma ranar da layukan sadarwa suka ɗauke, kamar yadda aka yi a Fabrairun 2024, sai ka ga babban mutum da miliyoyi a asusunsa ya tsaya a gabanka ba zai iya biyan kuɗin kwana ɗaya ba.

Duk wannan ba kuka nake yi ba. Ina ci, ina sha, ina da ɗakina a ƙasan bene, kuma a ƙasar da mutum sama da miliyan 12 suka bar gidajensu, wanda yake da ƙofar da zai rufe ba shi da bakin ƙorafi. Kuma ba yabon kai ba, Yaya, otal uku a layinmu sun sauya manaja tun zuwana, namu kuwa ko kwana ɗaya bai rufe ba, ba a kuma taɓa samun fam ɗaya ya yi ɓatan dabo a littafina ba.

Na san kun ga labarin jiragen nan marasa matuƙa a watan Mayu, na kuma san abin da na ce muku a waya, cewa abin yana can nesa da mu. To, bai kai nisan da na faɗa ba. Sun fara ne ranar 4 ga wata, suka yi ta dawowa kwana da kwanaki, suka sami filin jirgin sama da rumbunan mai da tashar wutar lantarki. A daren da ya fi tsanani na sauko da baƙi duka zuwa barandar ƙasa, nesa da tagogi, na kashe janareta don kada haskenmu ya fita daban a cikin duhun unguwa, muka zauna a kan katifu muna jin ƙarar harbi daga sama. Wata tsohuwa ta riƙe hannun rigata har gari ya waye, tana kirana da sunan ɗanta. Da safe hayaƙin rumbunan mai ya rufe rabin sama, ya kuma yi kwanaki bai lafa ba. Kafin azahar baƙi tara sun biya sun tafi, kuku da mai wanki ɗaya sun ce za su koma ƙauyensu, mai wurin kuma ya kira daga Alƙahira yana tambaya ko gilashin gaba ya fashe. Kada Inna ta ji wannan sakin layi, ka tsallake shi idan kana karanta mata.

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka da bakina game da jinkirin kuɗin, domin ba canji kaɗai ya jawo shi ba. A ɗaki na 12 akwai wani malamin makaranta daga Omdurman da matarsa da 'ya'ya uku. Wata huɗu ke nan bai biya ba, albashinsa ya tsaya, gidansa kuma an ce ko ƙofa ba a bar masa ba. Mai wurin ya ce in fitar da su. Ranar da na je da niyyar faɗa masa, matar ta biyo ni har teburin karɓar baƙi, ta zare awarwaron zinariya biyu daga hannunta ta ajiye a kan littafin rajista ba tare da ta ɗaga ido ta dube ni ba. Na tura mata abinta. Na rubuta a littafi cewa an biya wata biyu, na cike gurbin daga albashina. Kuɗin da ya kamata su iso ku tun wata biyu da suka wuce ke nan. Na san za ka ce na zama inuwar giginya, kuma ban da amsar da zan ba ka, domin Inna ta fi kowa haƙƙi a kaina. Abin da na sani kawai shi ne na kasa hawa benen nan in ce wa mutumin ya kwashe yaransa. Na gaya masa cewa ƙarshen watan gobe ne iyakata, ya kuma ce yana neman hanyar komawa.

Ka tambaye ni a saƙonka na baya me ya hana ni tattarowa in dawo. Ina bin mai wurin bashin albashin wata biyar na lokacin da muka gudo, da kuma haƙƙin shekara takwas na aiki, kuma na san ranar da na miƙa makullai na hau jirgi, ranar na yafe su. Ga ma'aikatan nan da ni suka sani, ni nake raba musu abin da ya samu. Ga shi kuma ni baƙo ne a ƙasar da ake yaƙi, kullum da daddare sai an zo an duba rajistar baƙi, wani lokaci a haɗa da takardar zamana a jujjuya ta kamar ba a taɓa ganinta ba, don haka ba na son in yi wani motsi na gaggawa da zai sa a sa mini ido. Sannan, in faɗa maka gaskiya, ba na son in shigo gida da jaka ɗaya bayan shekara takwas, mutanen da Kawu ya gaya wa ina da otal su zo yi mini sannu da zuwa. Na san wannan ba hujja ba ce a wurin wanda bai sami jana'izar mahaifinsa ba. Kai ka tsaya a kan komai a lokacin, ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Abin da ke gabana yanzu shi ne, tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris ake ta maganar cewa ma'aikatun gwamnati za su koma can. Idan suka koma, baƙinmu za su bi su, garin nan ya koma yadda yake a da. Mai wurin yana so in je in duba masa wancan ginin. Wanda ya leƙa ya ce an kwashe gadaje da firji da janareta, har wayoyin wuta an zare daga cikin bango saboda jan ƙarfen da ke ciki. Na ce masa ba zan taka ba sai ya biya ni rabin abin da nake bin sa, da dala, a hannun ɗan canjin da na yarda da shi. Idan ya biya, kaso mafi yawa zai zo gare ku kafin in tafi ko'ina. Wannan ma ya tsaya tsakanina da kai.

Game da Auta, ina roƙonka ka kira shi ka zaunar da shi a gaban Kawu. Ka sanar da duk wanda ya ba shi bashi da sunana cewa ban sa shi ba, ba kuma zan biya ba, wanda ya ƙara ba shi daga yau ya ba shi ne don kansa. Kada ko dala ɗaya daga cikin saƙon nan ta bi ta hannunsa, ko da ya ce Inna ce ta aiko shi. Ka yi masa faɗa amma kada ka kore shi daga gida, yaro ne, kuma rabon da ya gan ni tun yana firamare. Kawu kuwa ka ba shi girmansa, ka karanta masa abin da na rubuta game da fam da dala, ka ce ina neman afuwarsa idan shirun da na yi ne ya sa ya zaci haka.

Ina sake tuna maka: 150 na maganin Inna, kada a taɓa su don wani abu, 100 na makaranta, a biya a karɓo rasit a ba uwar yara ta ajiye, 50 na Gwaggo. Da zarar Alhajin ya damƙa maka, ka turo mini saƙo ko da kalma ɗaya ce, idan ka ga ban amsa ba to wuta ce babu, kada hankalinku ya tashi. Ka ɗauko mini hoton Inna da yaran a tsaye, ina so in ga tsawon da babban ya yi.

A ci gaba da sa mu a addu'a. Wassalam.

Naka,
Ƙanenka