A Rubuta Tarihin Hajiya Ladin Cima Tun Tana Raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan Hajiya Ladin Cima, dattijuwar 'yar wasan kwaikwayo wadda mu mutanen karkara muka fi sani da suna Tambaya.

Mutanen birni ba lallai ne su gane matsayin wannan baiwar Allah a wurinmu ba. Lokacin da nake sabon malamin firamare, akwatin talbijin ɗaya ne a duk garinmu, a ƙofar gidan dagaci, kuma da batirin mota ake kunna shi. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarmi, manya a gaba, yara a gefe. A wancan zamani na su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Samanja, wasan kwaikwayo aikin ƙungiyoyi ne da suka taso daga wasan daɓe, kuma matan da ke fitowa a ciki ba su taka kara sun karya ba, domin macen da ta yarda a gan ta a bainar jama'a tana taka rawar matar wani sai ta shirya haƙuri da maganganun dangi da na maƙwabta. Hajiya Ladi tana cikin waɗanda suka jure. Da harkar ta koma ta bidiyo, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da yawa daga tsofaffin 'yan wasa an daina jin ɗuriyarsu, ita kuwa ta ci gaba da fitowa a matsayin uwa ko uwar miji ko kaka, tun daga zamanin kaset, zuwa na faifai, har zuwa yau da yaranmu ke kai waya kasuwa a tura musu fim.

Abin da ya riƙe ta duk tsawon shekarun nan, a ganina, shi ne harshenta. Idan ta yi salati ta tafa hannu, ko ta jefa wa suruka habaici, babu wanda zai ce haddace magana ta yi. Haka iyayenmu mata suke magana a tsakar gida, kuma irin wannan Hausa tana ƙaranci a bakin matasan 'yan wasa, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama kusa da tsohuwa tana sussuka ko kaɗi ba.

A watan Fabrairun 2022 ta yi hira da Sashen Hausa na BBC a shirin Daga Bakin Mai Ita, inda ta yi maganar rashin muhalli da ƙarancin kuɗin sallama, har ta ce wani lokaci naira dubu 2 zuwa dubu 5 ake ba ta. Wasu masu shirya fina-finai sun musanta, wasu sun goyi bayanta, aka yi makonni ana cacar baki, masu hali kuma suka taimaka mata, Allah Ya saka musu da alheri. Abin da ya dame ni shi ne rigimar kuɗin ta danne komai, har yaro mai tasowa zai ɗauka tarihinta bai wuce na tsohuwar da ta koka ba, alhali ta ba wannan sana'a shekaru masu yawa na rayuwarta.

Kuma lokaci ba ya jira. Mun rasa Hauwa Ali Dodo da Hajiya Amina Garba a cikin shekara ɗaya, 2010. Hajiya Binta Ƙofar Soro ta rasu a 2019, Hajiya Zainab Booth a 2021, sannan Saratu Giɗaɗo Daso ta cika ranar 9 ga Afrilun 2024, ana jajibirin ƙaramar Sallah. Kowace ta tafi da abin da ta sani a cikinta, mu kuma muka yi ta'aziyyar kwana uku muka koma harkokinmu.

Saboda haka nake roƙon ka tura wakili, zai fi kyau a ce mace ce, ta zauna da Hajiya Ladi zama na natsuwa, ba na rabin sa'a ba. A tambaye ta wanda ya fara koya mata wasa, da yadda iyayenta suka karɓi lamarin, da yadda ake bita a da, da sunayen matan da suka yi zamani tare. A buga hirar kashi-kashi, sannan a kai kwafin muryar Gidan Arewa da ke Kaduna da Jami'ar Bayero domin ajiya. Haka nan ina kira ga gidan talbijin na ARTV, wato tsohuwar CTV, da NTA Kaduna su duba tsofaffin kaset-kaset ɗin wasanni da ke hannunsu, su juye su a kwamfuta tun ƙura da zafi ba su lalata su ba.

Allah Ya ƙara wa Hajiya Ladi lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.