A riƙa kawo mana labarin bukukuwan ƙabilun da suka zauna a Gombe

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan gidan rediyo, na rubuto ne game da shirinku na al'adu, wanda na daɗe ina saurara kuma ina ƙaruwa da shi. Duk shekara kuna kawo mana hawan Sallah na Mai Martaba Sarkin Gombe filla-filla, kuna kuma leƙa Ɓilliri idan lokacin bikin Pissi na Tangale ya zo, kuma hakan ya dace. Sai dai ban taɓa jin kun aika wakili wurin bukukuwan mutanen da muke kira baƙi ba, wato Yarbawa da Igbo da Tibi da Idoma da sauransu, alhali kuwa wasunsu kakanninsu a maƙabartun garin nan suke kwance.

Abin da ya tsuma ni shi ne gayyatar da wani maƙwabcina ɗan ƙabilar Igbo, mai sayar da kayan gyaran mota, ya yi mini zuwa bikinsu na cin sabuwar doya a damunar da ta wuce. A nan Gombe aka haife shi, Hausarsa ba ta da gargada, har Fulatancin ciniki yana taɓawa. Na je ina ɗar-ɗar, na tarar da zaure cike da mutanen da na sani a kasuwa shekara da shekaru, amma ban taɓa ganinsu cikin jar hula da rigarsu mai zanen kan zaki ba. Kafin a taɓa abinci sai da dattijon cikinsu ya ɗaga goro ya yi doguwar addu'a da harshensu, sannan aka fasa aka raba. A nan ne na ji cewa irin goron da muke ci suna kiransa da sunanmu na Hausa, nasu mai ɓari da yawa kuwa sunansa daban. Daga nan aka gasa sabuwar doya aka ci da manja, domin a al'adarsu ba a fara cin doyar bana sai an yi godiya a kanta. A duk zauren, mu da ba 'yan ƙabilar ba ba mu cika yatsun hannu biyu ba, kuma babu ɗan jarida ko ɗaya.

Ya kamata mu tuna cewa shi kansa garin Gombe na yanzu garin zuwa ne. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba fadarta take tun farko. Turawa ne suka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, sannan aka dawo da ita nan Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Bayan haka ne cinikin auduga da gyaɗa ya jawo fatake da manoma daga ƙasar Hausa da Barno, sai layin dogo da ya ratso ta nan a farkon shekarun 1960 kafin ya isa Maiduguri a 1964, ya zo da ma'aikatan jirgi da akawuna da teloli da makanikai daga kudu. Da yawa daga cikin Igbo sun bar Arewa a rikicin 1966, amma bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 sun dawo sun buɗe shagunansu. Da aka ƙirƙiri jihar ranar 1 ga Oktoba 1996 sai ga ma'aikatan gwamnati da na bankuna, daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro mana 'yan uwa daga Barno da Yobe, waɗanda da yawansu sun sayi filaye sun yi aure sun zama 'yan gari. In dai za a bi diddigi a Jekadafari ko Tudun Wada ko Bolari, gidajen da za su ce kakan kakansu a nan aka yanke masa cibiya ba su da yawa.

Harshenmu ma shaida ne. Ashana da akawu da alale daga bakin Yarbawa muka karɓe su, kamar yadda su ma suka karɓi albasa da wahala daga wurinmu. Galadima da Ciroma da Yarima kuwa daga Barno suka zo, yau ga su a kowace fada. Turaren wutar da babu ɗakin amaryar da ke rasa shi, da lafayar da matanmu ke yafawa, ai mun san inda muka gano su.

Na san akwai masu cewa irin waɗannan bukukuwa gargajiya ce mai gauraye da abin da addini bai yarda da shi ba, kuma ba na raina wannan magana. Amma wanda na halarta da addu'ar coci aka buɗe shi, aka ware mana mu Musulmi teburinmu da lemo da abincin da aka tabbatar mana da yankansa, kuma babu wanda ya nemi in yi wani abu da ya saɓa wa imanina. Taron Yarbawa kuwa, da yawa daga cikin masu shirya shi sahu ɗaya muke tsayawa da su a masallaci, abin da za ka tarar shi ne ashoke da amala da kiɗan gangarsu mai kama da kalangunmu. Wakilinku na iya ɗauko abin da ya shafi abinci da sutura da waƙa da tarihi, ya bar abin da yake na ibadar wasu ga masu shi.

Wani abin da ke sa ni jin nauyi shi ne yadda muke murna idan aka yi wa namu irin wannan karamci a wani wuri. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, da Sarkin Hausawanta. Ga Agege a Legas, ga zango-zango a Kumasi da Akara. Duk ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, hotunan 'yan uwanmu na can cikin rawani da babbar riga suna cika Facebook muna yaɗawa da alfahari. Yaron da aka haifa a Gombe, wanda idan ya je garin iyayensa ake ce masa ɗan Arewa, a nan kuma ake tambayarsa takardar shaidar asali idan ya nemi gurbin karatu ko aiki, shi ma yana da ranar da yake son maƙwabtansa su gan shi cikin kayan kakanninsa.

Roƙona guda biyu ne, kuma ba masu cin kuɗi ba ne. Na farko, ku nemi shugabannin waɗannan al'ummomi, domin kowacce tana da ƙungiya da dattawa, ku karɓi ranakun bukukuwansu ku riƙa sanarwa da kawo rahoto kamar yadda kuke yi wa na gida. Na biyu, wanda ya fi damuna, ku ware ko da minti goma sha biyar a mako ku zauna da tsofaffinsu su ba da labarin zuwansu da bakinsu: wace mota ko wane jirgi ya kawo su, wa ya fara ba su masauki, wace sana'a suka fara, me suka tarar a inda yanzu ya zama tsakiyar gari. Waɗanda suka zo da layin dogo suna samari yau sun haura tamanin, kuma a unguwarmu kaɗai mun yi rashin biyu daga cikinsu a 'yan shekarun nan ba tare da wani ya naɗi muryarsu ba.

Bikin sabuwar doya yakan faɗo ne tsakanin Agusta da Satumba. Maƙwabcina ya ce in shaida muku ƙofarsu a buɗe take, kuma idan wakilinku yana buƙatar ɗan rakiya, ni zan kai shi.

Naku mai sauraro,
daga unguwar Herwagana, Gombe.