Yawan feritin a jini ba kullum yake nufin ƙarfe ya taru ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin ɗaliban likitanci da ma'aikatan ɗakin gwaji a nan Jos kan darasin da ake yawan tsallakewa, wato yadda naɗewar RNA ke buɗe ko toshe ƙirar furotin, da yadda hakan ke shafar feritin, furotin da ke ajiye ƙarfe a jiki.

Saƙon mRNA, wanda ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, zare ne guda, amma ba a miƙe yake ba. Haruffansa suna kama juna, G da C, A da U, sai ya yi ƙulli. A bakinsa akwai hula, furotin eIF4E ne ke riƙe ta, eIF4A na warware ƙulli da ƙarfin ATP, makamashin ƙwayar halitta. Sannan 40S, ƙaramin ɓangaren ribosom (injin ƙera furotin), ya hau yana bin haruffa har ya iske AUG, alamar farawa, babban ɓangaren, 60S, ya same shi, aiki ya kankama. Masaniyar kimiyya Marilyn Kozak ce ta kawo wannan bayani a 1978. Daga baya ta nuna cewa ƙullin da ke daf da hula yana hana 40S hawa, alhali irinsa can gaba warware shi ake yi a wuce.

Da wannan dabara jiki ke sarrafa feritin, ma'ajiyar ƙarfe da ke iya ɗaukar atom kusan 4,500. Kusa da hular saƙonsa akwai ƙulli mai suna IRE. Idan ƙarfe ya yi ƙaranci, furotin IRP ya danne shi, 40S ya rasa wurin hawa. Ƙarfe na ƙaruwa IRP ya saki, a yi ta ƙera feritin.

To, a 1995 aka gano iyalan da harafi ɗaya tak ya sauya musu a IRE na feritin L, ɗaya daga cikin sassa iri biyu da ke haɗa feritin. IRP ba ya iya riƙo, feritin ya cika jini, ya taru a ido ya jawo yanar ido tun da ƙuruciya, alhali ƙarfen jikinsu daidai yake. An sha ɗibar jinin irin waɗannan mutane da sunan rage ƙarfe, nan da nan su faɗa ƙarancin jini. Wannan abin takaici ne, domin gane cutar ba wuya.

Ciwon ba ya da yawa, kuma mai sikila da aka sha yi wa ƙarin jini lamarinsa daban ne, shi ƙarfen ne ya taru da gaske. Amma wanda feritinsa ya hau ba tare da ƙarin jini, kumburi ko ciwon hanta ba, a auna yawan ƙarfen da ke kan taransferin, furotin da ke jigilar ƙarfe a jini, kafin a taɓa jininsa, a kuma tambaya ko akwai yanar ido ta ƙuruciya a danginsa.

Wassalam.
Daga wani malamin kimiyyar sinadaran jiki, Jos.